Ledar kare fenti: tana aiki ko asarar kuɗi ce?

Auwalu Sahu: Salamu alaikum. Na karɓo sabon keke TVS ranar Talata. Wa ya taɓa manna farar ledar nan mai kare fenti? Wajen hawan fasinja nake tsoro, takalmi da buhu ba sa barin wurin.

Ɗan Fagge: Allah ya sa alheri, ya kashe 'yan hassada. Yaushe za a wanke?

Baba Iro: Auwalu, ji nawa tukuna. Bara na sa a tankin Boxer ɗina, yaron da ya manna mini ya rantse ta kamfanin 3M ce, wato mai kyau. Wata 4 ta koma ruwan ɗorawa, gefenta ya ɗago, ƙurar hunturu ta shige ta yi baƙin zobe kamar an zana da biro. Na sa farce zan ɓare, sai ga fenti na biyo ta. Ashe laifin har da nawa. Kwana 5 da fesa tankin na manna, mai fenti kuma ya ce sabon feshi sai ya yi wata guda ya bushe sosai. Kuɗi biyu na biya, na leda da na sake fenti.

Injiniya: Baba, PVC aka ba ka, irin ta sitika. Ta gaskiyar TPU ce, tana miƙewa kamar roba, ƙaramin karce kuma idan ta sha rana ko ruwan ɗumi yakan ɓace. Kuma da ruwa mai ɗan sabulu ake mannawa, a matse kumfar. Wanda ya manna maka a bushe, mai sitika ne kawai.

Ɗan Fagge: Ni ledar kamfani ta kan kujera ma ban cire ba, shekara 2 ke nan.

Zage-zagi: Bakano ke nan. Har kwalin ma ka ajiye, ko?

Ɗan Fagge: Kai da Jincheng ɗinka sai an tura, me ya kawo ka zancen fenti?

Admin: Don Allah a dawo kan tambaya.

Injiniya: Auwalu, naka fentin kamfani ne, ba zai biyo ta ba. Kada ka lulluɓe keken duka, kuɗin ya fi ƙarfin balas. Sa a bakin wajen hawa, gaba inda tsakuwa ke duka, da kusurwoyin baya. Masu babur kuma tanki, inda gwiwa da makulli ke gogawa. Ban da kusa da salansa.

Baba Iro: Kuma in za a ɓare, a ɗumama da draya, a ja a hankali.

Mai Lifan: Leda za ta tare ɗan sahun da ya goge ka a Kofar Ruwa?

Injiniya: Wannan sai fanel bita.

Auwalu Sahu: To a ina ake samun ta gaskiyar?

Zage-zagi: Ɗan Fagge, jiya Jincheng ɗin nan ta kai ni Funtuwa ta dawo, bugu ɗaya.