Musayar Waƙa a kan Badon Tabkin Gidimuni

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum. Jiya da asuba na tsaya a bakin tabkin Gidimuni, na tarar bado ya lulluɓe fuskar ruwa, shi ne na ce bari in buɗe fage da ƙwar huɗu.

Bado, farin furen tabki,
Halinka na ban mamaki:
Saiwarka tana laka can ciki,
Amma babu datti ko ɗis a jiki.

Da almuru kake buɗewa,
Hantsi ya yi, kana rufewa,
Ganyenka faifai, yana yawo bisa ruwa,
Bakinsa zarto ga mai dubawa.

Baba Mai Koma:
Ɗana, ka tsaya a tudu kana faɗin haka,
Ƙafarka ba ta taɓa shiga laka,
Ƴaƴan bado mata ke shanyawa su daka,
Abinci ne da babu wanda ya shuka.

A farin 1984, da rumbunan gero suka ƙare, kwankwaritar bado muke tonowa a dafa ko a gasa cikin toka. Idan fure ya gama, ɗan yana nutsewa ya nuna a ƙarƙashin ruwa, don haka da yatsun ƙafa ake laluben shi kafin a duƙa a tsinko, a fasa, a fitar da ƙwayoyin da ba su kai na gero girma ba.

Ƴar Mirya:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya, fage naka ne, sauran duk ƴan rakiya ne.

Yaya na Birni, ka ga fari kaɗai,
Akwai shuɗi, in kana son daidai,
Shi da rana yake buɗe ido sarai,
Lokacin kana inuwar fada kana shan shayi dai.

Malamin Zango:
Kafin a ci gaba da yabon bado, ina da gyara. Malam Ɗan Birni, ɗangaye biyu na farko a baitinka na biyu suna da gaɓa tara-tara, amma ɗangon da ka kwatanta ganye da faifai ya kai gaɓa 13, don haka karin ya karye. Hajiya kuma, “dai” ɗin ƙarshe an jawo ta ne da igiya don a cika amsa-amo.

Ɗan Birni:
Allah ya gafarta Malam, ɗangon Baba na farko gaɓa 14 ne, ban ga ka ƙirga masa ba.

Malam kainuwa ne, ba bado ba,
Saiwarsa ba ta kama ƙasa ba,
Inda iska ta tura shi, bai musa ba,
Ni na kafe a laka, ban gusa ba.

Ƴar Mirya:
Ɗazu laka ce ake yi wa ƙyama, yanzu kuma an koma takama da ita!

Malamin Zango:
Na karɓi sunan, domin kainuwa dashen Allah ce. Ba na ƙirga wa Baba gaɓa saboda shi rerawa yake yi irin ta masunta, kai kuwa ka ce mana ƙwar huɗu za ka rubuta. Da ka ce “Ganyenka faifai bisa ruwa” da an wuce wurin.

Baba Mai Koma:
Ku yi haƙuri, kwana biyu ina bakin ruwa.

Kuna ta awon gaɓa kuna musu,
Ƴan karfasa na ƙarƙashin ganye abinsu,
Kacalla ta taso tana cin gurbinsu,
Malam da Ɗan Birni, ku zo da laujensu.

Na san za a ce “laujenku” ya dace, to amsa-amo ne ya hana. Gefen da nake ɗibar kwankwarita ina yaro, yau kacalla ce ta cinye shi, ko kwalekwale ba ya ratsawa.