Wace mata ce ta auri shugabannin kasa biyu?

Dan Kurmi: Salam yan uwa, jiya a majalisa muna shan shayi wani yace akwai matar da tayi First Lady a kasashe biyu, mukai ta musu har shayin ya huce, dan Allah gaskiya ne?

Ummu Hanif: Gaskiya ne malam, Graca Machel kenan. Ta fara auren Samora Machel na Mozambik, ya rasu a hadarin jirgin sama a 1986, sai Mandela ya aureta a 1998 ranar da ya cika shekara 80 cif, wallahi matar nan tana burgeni.

Baffa: Kuma fa tayi ministar ilimi a Mozambik tun 1975.

Dan Kurmi: Nagode hajiya, yau sai na koma majalisar nan.