Tokumbo 3060 ko sabon 4060? Muhawarar 'yan gem na Legas

Ɗan Agege: Salamu alaikum jama'a. Ni dai ra'ayina, duk mai haɗa kwamfutar gem ya sayi sabon katin hoto (graphics card) RTX 4060 alhali ga tokumbo RTX 3060 a kasuwar Computer Village ta Ikeja, ya zubar da kuɗinsa. 3060 memori giga 12 gare shi, 4060 kuwa giga 8 kacal. Wa zai musa?

Na Idi-Araba: Wa alaikumus salam. Ni zan musa, Yaya. 4060 ya fi sauri, kuma wat 115 yake ci, naka 170. Tun Afrilun 2024 da aka kai 'yan Band A (rukunin da aka fi ba wuta) naira 225 kan yunit guda, wuta ta zama abin lissafi.

Ɗan Agege: To lissafa mana, ƙanina. Bambancin wat 55 ne. Awa 4 kullum, a wata bai kai yunit 7 ba, wajen naira 1,500 ke nan a wancan farashin. Shekara nawa za ka yi kafin ka fanshe rarar da ka biya?

Na Idi-Araba: In kana kan inbata ba naira ake ƙirgawa ba, batir ake kallo.

Mai Gyara a Ikeja: Ku yi haƙuri in sa baki. Yaya Ɗan Agege, giga 12 gaskiya ne, sabbin wasanni na cin wuri. Sai dai katin da ya fito a 2021, ka san rayuwar da ya yi? Lokacin ne masu haƙar kuɗin kirifto na Ethereum suka wawashe katuna suna kunna su dare da rana, sai da aka daina haƙar a Satumbar 2022 suka antayo su kasuwa. Ina buɗe wasu in tarar man sanyayawar ya bushe ƙamas, fanka na kukan gyare, wajen sukurori ya yi tsatsa. Daga waje kuwa fes, an goge shi da burushi.

Hajiyar Obalende: Ni gem ɗin ƙwallo na FC kawai yarana ke bugawa. Wannan duk ya shafe ni?

Mai Gyara a Ikeja: Hajiya, kowanne zai ɗauke shi cikin sauƙi. Abin da ke kawo min kwamfutoci shago ma ba kati ba ne. Mutum zai juye kuɗinsa duka kan kati, sannan ya ɗauki PSU (akwatin da ke ba kwamfuta wuta) mara suna don ya rage 'yan dubbai. Ran da aka dawo da wuta da ƙarfi, ko aka juya zuwa janareta, sai ƙauri. Wani sa'in har madabod take tafiya. Ku ware kuɗin PSU na kirki da UPS (mai riƙe wuta in an ɗauke) tukuna, abin da ya saura a yi cinikin kati da shi.

Ɗan Agege: Oga, ai ka goyi bayana ke nan. Rarar tokumbo ita za ta sayi UPS ɗin.

Na Idi-Araba: Garanti fa? Sabo yana da shi.

Ɗan Agege: Garantin da sai ka mayar da kaya ƙasar waje? Haba.

Mai Gyara a Ikeja: In ka dage kan tokumbo, kada ka biya sai an ɗora shi a gabanka. A saka manhajar gwajin kati ta FurMark ta yi rabin awa, kana kallon zafinsa da idonka. Ka ga ɗigo-ɗigo a allo, ko mai shago ya fara cewa sauri yake, ɗauki jakarka.

Na Idi-Araba: Wa zai ba ka rabin awa a layin Otigba na Computer Village ranar Asabar?

Ɗan Agege: Sai in je Talata.