Wai Amurkawa jefar da iyayensu suke yi a gidan tsofaffi?

Kawu: Ni dai na faɗa kuma ban janye ba, mutanen nan sun ƙirƙiro gidajen ne don su huta da ɗawainiyar iyayensu. Duk sunan da aka sa masa kwalliya ce kawai.

Anti: Kawu Allah ya ƙara girma, amma fa abu biyu kake haɗawa. Akwai gidan jinya mai kama da asibiti, mutum biyu a ɗaki, nas ce ke cewa yanzu za a tashi yanzu za a yi wanka. Irinsa ya yawaita bayan 1965 da gwamnati ta kawo Medicare da Medicaid, wato inshorar lafiya ta tsofaffi da ta masu ƙaramin ƙarfi. Akwai kuma wanda suke kira assisted living, inda tsoho ke zaman kansa ana taya shi hidima, shi daban ne, kuma 'ya ce ta fara shi saboda uwarta. Keren Brown Wilson sunanta, a jihar Oregon. Uwar ta samu shanyewar ɓarin jiki aka kai ta gidan jinya, ta tsani wurin, shi ne 'yar da mijinta suka gina Park Place a Portland a farkon shekarun 1980. Kowane tsoho da ɗakinsa da makullinsa a hannu, da ɗan kicin, da kayan ɗakinsa na gida, ya kwanta sanda ya ga dama, ma'aikata na nan kusa in yana son a taya shi wanka ko shan magani.

Kawu: To me ya hana ta ɗauko uwar ta kawo ta gidanta? Makulli ne zai yi mata hira da daddare?

Yaya Babba: Anti kin faɗi farkon labarin kin bar ƙarshensa. Abin ya zama kasuwa ai, kamfanin ita matar ma ya shiga kasuwar hannun jari a 1994, manyan kamfanoni irin su Sunrise suka yi ta gine-gine, kowa ya manna sunan a jikin gininsa ko da cikin bai bambanta da gidan jinya ba. Kuma Medicare ba ya biyan kuɗin zaman, yawanci aljihun tsoho ne ko a sayar da gidansa, dokar ma kowace jiha da tata. Talaka ina zai shiga?

Anti: Wannan kam gaskiyarka, tsadar ba wasa ba. Amma da yawa daga tsofaffin fa su ke cewa a kai su, ba sa son zama a ƙarƙashin suruka.

Auta: Kawu ka yi haƙuri in sa baki, mu da muke alfahari ba ma kai namu ko'ina, tsofaffi nawa ne ke ɗakin baya kowa ya fita nema tun safe, sai 'yar aiki 'yar shekara sha biyu ce ke miƙa musu koko da magani?

Kawu: Kai Auta da manya ake magana. Ko a ɗakin bayan ne ai tsohuwa tana jin kukan jikokinta. Anti ki faɗa min tsakani da Allah, su 'ya'yan suna zuwa dubiya kuwa?

Anti: Wasu kullum bayan aiki, wasu sai Kirsimeti.