Neman shawara: dillali ya ce in kawo kuɗi kafin Juma'a ko gidan ya wuce ni

Abban Khalil:
Assalamu alaikum 'yan gida. Dan Allah shawara nake nema, musamman wajen waɗanda suka taɓa sayen gida a gari mai tsadar muhalli. Ni da iyalina haya muke, kuma garin da nake aiki farashin gida kullum gaba yake yi, abin da ka tara bana in ka koma baɗi sai ka tarar ko kusa bai kai ba. To yanzu wani dillali ya nuna min gida kuma gaskiya ya kwanta min, kusa da wajen aikina ne ga makarantar yara ba nisa, sai dai kuɗin ya haura abin da na tsara. Duk abin da na tara zai tafi a kafin alƙalami ba abin da zai rage, ragowar banki ya yarda zai ba ni bashi na shekara 30, biyan wata kuma zai cinye kusan rabin albashina. Dillalin ya ce mutum biyu sun riga sun taya, in ina so in ɗora a kan tayinsu in kawo kuɗi kafin Juma'a, kuma wai mai gidan baya son a tsaya kawo masu duba gini, ɓata lokaci ne. Maman yara ta ce mu dakata, ni kuma tsorona in na bar wannan ba zan ƙara samun irinsa ba. Wane kuskure ne mutane suka fi yi a irin wannan dan in kauce masa?

Maman Ilham:
Wa'alaikumus salam. Abban Khalil tun farko dai ka saurari matarka. Abin da ya fi tsorata ni a maganarka shine wai ba abin da zai rage. Kuɗin gida ba shine kaɗai kuɗin da za ka kashe ba fa, akwai kuɗin lauya, akwai rajistar takardu da harajin canza suna, akwai la'adar dillali, inshora, kuɗin da bankin ma zai caje ka na buɗe bashin, ga kwasar kaya, waɗannan a ƙasashe da yawa sukan kai kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari na kuɗin gidan, wani wajen har su wuce. Kuma ranar da ka shiga babu sauran mai gida da za ka kira in famfo ya fashe ko silin ya fara yoyo, kai ne mai gidan. Masu harkar suna cewa ka ware kamar kashi 1 cikin ɗari na darajar gidan duk shekara dan gyare-gyare. In bayan ka biya komai ba ka da kuɗin da zai riƙe ku ko na wata uku zuwa shida ba, wallahi rashin lafiya ɗaya ko tsaikon albashi na wata biyu ya isa ya jefa ku cikin wani hali.

Ɗan Birni:
Ni dai ra'ayina daban. Yaya ka runtse ido ka saya kawai, haya asara ce, kana ta gina wa wani. A babban gari farashin gida baya taɓa faɗuwa, yau ka ga tsada gobe ka ce ina ma na saya.

Akawu:
Ɗan Birni ka yi haƙuri amma wannan maganar ta gida baya faɗuwa ita ta kai mutane da yawa ƙasa. A Japan daga 1991 farashin filaye ya yi ta sauka sama da shekara goma. A Hong Kong tsakanin 1997 da 2003 gidaje sun rasa fiye da rabin darajarsu. Ireland ma kusan rabi ya zube bayan 2007. A Amurka rikicin 2008 miliyoyin mutane banki ya karɓe gidajensu, wasu kuma suka wayi gari bashin da ke kansu ya fi darajar gidan, ba damar sayarwa ba damar ci gaba da biya. Duka waɗannan wurare ne da ake rububin gidaje ana cewa in ba ka saya yau ba shikenan.

Abban Khalil babban kuskuren shine ka ɗauka abin da banki ya yarda zai ba ka shine abin da za ka iya biya. Shi banki gidan yana hannunsa a jingina, in ka gaza ya sayar ya cire nasa. Akwai tsohon ma'auni da masu ba da bashin gida ke amfani da shi, kuɗin muhalli kar ya wuce kashi 28 cikin ɗari na samunka, duka basussukanka a haɗe kar su wuce kashi 36. A gari mai tsada mutane kan ɗan haura hakan dole, amma rabin albashi na shekara 30 ya yi yawa, yara za su girma kuɗin makaranta zai ƙaru. Tambaya ta, kuɗin ruwan tsayayye ne har ƙarshe ko mai canzawa ne?

Abban Khalil:
Malam Akawu sun ce shekara biyun farko tsayayye ne, daga nan zai riƙa bin yadda kasuwa take.

Akawu:
To nan ne wajen da za ka zauna da biro da takarda. Ɗauki misalin bashin 100,000 na kowane irin kuɗi a shekara 30. In ruwan kashi 3 ne duk wata za ka biya kamar 422. In ya koma kashi 7 sai ya zama kamar 665, gida ɗaya bashi ɗaya amma biyan ya ƙaru da fiye da rabi. Kuma wannan ya taɓa faruwa, a Amurka a 2021 ana samun bashin gida a wajen kashi 3, zuwa Oktoban 2023 ya kusa kashi 8. A Ingila inda aka saba ɗaure ruwan na shekara biyu ko biyar irin naka, waɗanda suka ɗaure da araha a 2021 da wa'adinsu ya cika a 2023 sun tarar da wajen kashi 6. Kai da tun yanzu rabin albashi ne, in ya tashi ina za ka sa kanka?

Sannan a kashi 7 ɗin nan, cikin 665 na watan farko 583 duk ruwa ne, 82 ne kawai ya rage uwar kuɗi. Bayan shekara biyar ka biya kusan 40,000 amma bashin bai ragu da 6,000 cikakke ba. Shi yasa in akwai yiwuwar aiki ya canza maka gari nan da shekara uku ko huɗu, in ka sayar ka cire kuɗin saye da na sayarwa sai ka ga da haya ka zauna ma ya fi maka.

Malam Mai Nasiha:
Ni abin da zan ƙara, in kana gudun riba ka nemi masu yin murabaha ko musharaka, wato tsarin bankin Musulunci da ba kuɗin ruwa a ciki. Amma ko a can ka ce su rubuta maka jimillar abin da za ka biya daga farko har ƙarshe, da abin da zai faru in ka makara ko in kana so ka biya da wuri. Kar ka sa hannu a abin da ba ka gane ba dan kunyar tambaya.

Injiniya:
Ɗan'uwa ni maganar kar a duba gini ce ta tsaya min a rai. Mai gidan da ya yarda da gidansa kwana biyu ko uku na dubawa ba zai dame shi ba. Aikina kenan, kuma abin da nake fara kallo in na shiga gida shine fenti, in ka ga daga ƙasa zuwa kamar gwiwa sabon fenti ne sama kuma tsoho, to damshi ake ɓoyewa, sa hannunka za ka ji sanyi, wani lokacin in ka ƙwanƙwasa filastar ta yi ƙarar kogo ko ka ga wani farin gari kamar gishiri yana fitowa. Ka duba kusurwar tagogi da ƙofofi, tsagewa siririya a filasta ba komai bace amma wacce ta tafi a karkace tana faɗi daga gefe ɗaya, ga ƙofa tana cijewa bata rufuwa daidai, wannan sau da yawa tushen ginin ne ke motsi kuma gyaransa ba ƙaramin kuɗi bane. Ka sa a matsar da kabad da labule ka ga bayansu. Ka buɗe famfo biyu uku lokaci ɗaya ka ga ƙarfin ruwan, ka kalli silin ko akwai zagayen tabo ruwan ƙasa, a buɗe akwatin wuta a ga wayarin ɗin tsoho ne ko ya taɓa ƙonewa. Kuma mai dubawar kai za ka ɗauko shi ka biya shi, kar ka yarda da wanda dillali ya kawo. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba in ka haɗa da kuɗin sake rufi.

Hajiya Babba:
Ɗana Allah ya ba ka mai albarka. Dillali ba maƙiyinka bane amma ka tuna la'adarsa sai ciniki ya faɗa take fitowa, kuma iya tsadar gidan iya yawanta, dan haka "akwai wasu sun taya" kullum za ka ji shi, wataƙila gaskiya ne wataƙila a'a. Ku zauna kai da matarka ku tsayar da iyakar da ba za ku wuce ba tun kafin ka ƙara ɗaukar wayarsa, in an haura ka ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Sauri ya haifi nawa. Sannan ka je unguwar da daddare, ka je da safe lokacin fita aiki, in da hali ka je bayan an yi ruwa mai ƙarfi ka ga inda yake kwanciya, ka tsaya ka gaisa da maƙwabta ka tambaye su me yasa ake sayarwa. Abin da maƙwabci zai faɗa maka a minti goma dillali ba zai faɗa ba.

Ɗan Birni:
To in haka ne ya sayi irin wanda kamfani ke kan ginawa mana, ya fi sauƙi kuma ana biya kaɗan-kaɗan.

Barista:
Shi ma da nasa haɗarin. Kamfanin gina gidaje na Evergrande da ke China ya kasa biyan bashinsa a 2021, kuma a 2022 mutane da yawa a ƙasar suka ce sun daina biyan banki saboda gidajen da suka saya an tsaya ba a ƙarasa ba. In za ka shiga irin wannan ka je ka ga ayyukan da suka gama a baya, kuma biyan ya zama daki-daki gwargwadon inda gini ya kai.

Abban Khalil a ɓangarena kuwa, kar kuɗinka su fita sai lauyanka na kanka, ba na mai gida ko na dillali ba, ya je ofishin rajistar filaye ya tabbatar sunan da ke takarda shine na mai sayarwar, ba a jinginar da gidan ba, babu shari'a a kansa, babu tarin haraji, kuma duk ɗakin da aka ƙara an yi shi da izinin hukuma. In gidan gado ne duk magada su sa hannu, mutum ɗaya da aka tsallake zai iya ɗaure ka a kotu shekaru. Ka tambaya kuma mallaka ce ta dindindin ko ta wa'adi, in ta wa'adi ce shekara nawa suka rage, in kuma a rukunin gidaje ne nawa ake biya duk shekara na kula da waje kuma wa ke da ikon ƙara shi. Wani abu da ya yi yawa yanzu, ana gab da biya sai ka ga saƙo wai an canza lambar asusu, kar ka tura ko sisi sai ka kira lauyan da lambar da ka sani ka ji daga bakinsa.

Abban Khalil:
Na gode ƙwarai Allah ya saka muku da alkhairi. Barista in na ce zan ba da wani abu kaɗan dan su riƙe min gidan kafin a gama binciken fa, hakan zai yiwu?

Barista:
Zai yiwu amma a rubuce, kuma kuɗin su zauna a asusun lauya ba hannun dillali ko mai gida ba. A sa sharaɗi uku ƙarara, in injiniya ya gano babbar matsala, ko takardu suka ƙi fita tsaf, ko banki ya fasa ba da bashin ko ya kimanta gidan ƙasa da abin da kuka yi ciniki, za a dawo maka da kuɗinka cif cikin kwanakin da kuka rubuta. Na ukun nan mutane suna mantawa da shi sosai a wajen da ake ɗora tayi kan tayi, dan banki a kan kimarsa yake ba da bashi ba a kan abin da ka taya ba, giɓin daga aljihunka zai fito kuma kai ka ce ba abin da zai rage maka. Ka tura musu sharuɗɗan gobe da safe, in sun ƙi sa hannu ka bar musu gidansu.