Muhawarar zauren 'yan Arewa mazauna Legas: wai kunya ce ta hana 'ya'yanmu magana?

Sabon Malami: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Akwai abin da ya tsaya mini a rai. A wannan zangon aka ɗauke ni koyarwa a wata kwaleji a nan Legas, aka ba ni darasin magana a gaban jama'a. Burina kada ɗalibi ya bar ajina sai ya miƙe ya yi bayani na minti uku, muryarsa ta kai kujerar baya, ba karatu daga takarda, kuma ba faɗin abin da ba shi da hujja a kai. Sai wani babba a sashenmu ya ce in daina wahalar da kaina, in raba musu takardu su haddace, su rubuta jarrabawa a wuce wurin. Yaya za a auna magana da biro? Abin da ya fi ƙona mini rai, 'ya'yanmu na Arewa 'yan kaɗan ne a ajin, duk a baya suke zama, in na kira su sai su sunkuyar da kai. Na ƙudurta cire musu wannan kunyar kafin zango ya ƙare. Masu ilimi, maki nawa ya kamata in ware wa maganar baki?

Alhaji Mai Canji: Wa alaikumus salam. Malam, ka cire musu me? Manzon Allah (SAW) ya ce kunya tana daga cikin imani. Muna nan muna fama yara su riƙe ta a garin nan, kai kuma albashi za a biya ka ka cire.

Hajiyar Idi-Araba: Wallahi Alhaji ka riga ni. Yarinyar da ta sunkuyar da kai tarbiyya ce ta gida. So kake ta tsura maka ido, ƙanena?

Sabon Malami: Hajiya, mai jawabi dole ya dubi masu sauraronsa, ta fuskokinsu zai gane ko sun fahimta ko ya maimaita. Yarinyar nan gobe za ta kare aikinta na kammalawa a gaban malamai, jibi ta shiga intabiyu neman aiki. Idan ta yi shiru a can, babu wanda zai ce tarbiyya ce, za a ce ba ta sani ba.

Ɗan Agege: Ku bar Malam. Mu da aka haifa a nan mun ga illar abin. A yi taron unguwa kan ruwa ko haya, maƙwabta su miƙe su faɗi nasu, namu su yi gum, sai an watse a dawo gindin masallaci ana gunaguni.

Alhaji Mai Canji: Ku 'yan Agege ai Hausar ma ta gauraye muku da Yarbanci, ina kuka san kunya?

Ɗan Agege: Alhaji da girmanka. Kakanninmu suna Agege tun kafin a haifi mahaifin wasu. Ku da kuka sauka jiya a Ojota da jaka ɗaya ba za ku koya mana Hausa ba.

Mai Albasa Mile 12: Wa ya ce ba mu iya magana? Ku zo kasuwa da asuba lokacin da motocin Aliero suka sauke kaya, ku ji dillali yana ciniki da Hausa da Yarbanci da Turancin buroka a numfashi ɗaya. Wace kwaleji ya shiga?

Malamin Islamiyya: Ku tsaya. Kunyar da addini ya yaba ita ce wadda ke hana mutum aikata mummuna. Nana A'isha ta yabi matan Ansar saboda kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Annabi Musa kuwa da za a aike shi wurin Fir'auna roƙo ya yi a Suratu Ɗaha a warware ƙullin harshensa don a fahimci maganarsa. Ko a nan ƙasar, Nana Asma'u 'yar Shehu Ɗan Fodiyo ta horar da jajoji suna shiga ƙauyuka suna karantar da mata da baki. Abin da ke damun ɗaliban nan tsoro ne.

Hajiyar Idi-Araba: Allah ya gafarta Malam, jajoji mata suke yi wa magana, ba ajin da ya cika da samari ba.

Ɗan Bauchi: Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa fa? Malamin makaranta ne, mutum mai natsuwa da kawaici, amma ranar 1 ga Oktoba 1960 a nan Legas ya tsaya a filin sukuwa, wanda yanzu ake kira da sunansa, ya yi jawabin 'yancin kai. Ba a banza ake ce masa mai muryar zinare ba. Kunyarsa ta hana shi?

Alhaji Mai Canji: In ana zancen fasaha a bar wa Kano. Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗan Masanin Kano, ya yi minista a Legas a jamhuriya ta farko, ya wakilci Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya zamanin Shagari, har ya rasu a 2017 ba a yi kamarsa ba.

Ɗan Bauchi: A ƙarƙashin wa ya yi ministan? Ku Kanawa komai naku ne.

Alhaji Mai Canji: To Malam Aminu Kano fa, da ya tsaya gaban sarakuna yana faɗin gaskiya a zamanin jam'iyyar NEPU? Shi ma ku za ku ce naku ne don ya koyar a Bauchi?

Mai Albasa Mile 12: Ku yi ta yi. Ilimin duk daga Sakkwato ya taso.

Sabon Malami: Iyayena, waɗanda kuka ambata duk sun tsaya a gaban aji kafin su tsaya gaban ƙasa. Abin da nake so wa yaran nan ke nan. Zan fara da su biyu-biyu, sannan rukuni, kafin su fuskanci aji gaba ɗaya.

Ɗan Agege: Alhaji bai janye maganar jaka da Yarbanci ba.

Alhaji Mai Canji: Maganar jaka kai ka yi ta, ɗana. Ni zan janye maka?

Baba Shugaban Zaure: Ya isa haka. Na karanta duka tun daga sama. Abin da na fahimta, mafi yawan masu magana sun yarda kunya ado ce, ba a cire ta, kuma Malamin Islamiyya ya kawo hujjoji masu ƙarfafa hakan. Ƙanenmu malami yana da kyakkyawar niyya, amma sabo ne, ya bi shawarar babban da ke sashensu, wanda ya riga shi sanin aikin, ya kuma bar 'yan mata su zauna inda suka ga dama. Batun fasaha kuwa ban ga wanda ya kawo abin da ya ture Ɗan Masani ba, ni da kunnena na saurare shi a Kano ina saurayi. Ɗan Agege ya ba Alhaji haƙuri, ba a mayar wa babba magana a zaure. Na rufe wannan batu. Waɗanda ba su biya kuɗin wata na asusun jinya ba su tura kafin Juma'a.