Neman kalmar Hausa: me za mu kira "historiography"?

Malamin Tarihi, Jos: Assalamu alaikum. Jibi zan maimaita wata lacca ta ɗalibaina da Hausa a gidan rediyo, kuma kalmar "historiography" ta tsaya mini. Ina nufin binciken yadda masana suka tattara labarin abin da ya wuce, da majiyoyin da suka dogara da su, da abin da ya sa suka karkata inda suka karkata. Misalina shi ne tsohon littafin Tarihin Kano da Palmer, wani jami'in Turawan mulkin mallaka, ya fassara zuwa Turanci a 1908.

Malama daga Bukuru: Wa alaikumus salam. Malam, "ilimin rubuta tarihi" ya wadatar.

Ɗalibin Digiri na Uku: Malama, a gafarce ni, kalmar "rubuta" za ta bar mu a baya. Tarihin Birom da Angas da yawancin mutanen Filato a baka aka riƙe shi, haka ma kirarin sarakuna a bakin maroƙa, kuma duk wannan yana cikin abin da ake tantancewa.

Dattijo: Ku duka kun kauce, domin "tarihi" da "ilimi" Larabci ne. Na daɗe ina ba da shawarar "rairayar labarin da", tunda aikin masanin shi ne ya raba tsaba da tsakuwa kamar mace mai rairaya.

Malama daga Bukuru: Baba, "labari" ma daga Larabci ya zo. Kalmar da ta zauna a bakin kakanninmu ta zama tamu.

Dattijo: 'Yata, abin da ke damuna shi ne kullum sai mu jira Zariya ko Kano su yanke mana, kamar Hausar Jos ba ta isa ta haifi kalma ba.

Ɗalibin Digiri na Uku: Baba, babu wanda ya raina Jos, amma mai sauraro a Bauchi zai ɗauka ana maganar tatsuniya. Ina ganin "nazarin hanyoyin tarihi" ya haɗa rubutu da baka.

Malamin Tarihi, Jos: Na gode. Zan yi amfani da "nazarin hanyoyin tarihi", sannan in kawo rairayar Baba wajen bayani, domin hotonta zai shiga kunnen mutane.

Dattijo: To, na ji, amma ban gamsu ba. "Hanyoyi" bai nuna karkatar marubuci ba, kuma ita ce zuciyar maganar. Bayan shirin mu sake zama a kanta.